Daktora Rihab da Hoton Jaririn Nagla

Rihab Sabri ba ta taɓa ce wa kowa ita likita ba ce. Mahaifiyarta ce ta naɗa ta, tun ranar da sunanta ya fito cikin waɗanda aka ɗauka a wata makarantar koyon aikin jinya a Zagazig, a ƙasar Masar. A ranar Umm Tamir, kamar yadda ake kiran uwar, ta leƙo ta baranda daga hawa na uku, ta rangaɗa guɗa har sau uku, ta sanar da layin gaba ɗaya cewa an samu Daktora a gidan Usta Sabri mai gyaran murhun gas. Shekara uku ke nan Rihab tana gyara mata, ita kuma ko a jikinta.

"Mama, nas. Nas zan zama."

"Ba farar riga kike sawa ba? Ba allura kike yi ba? Ki ƙyale ni in sha iska, Daktora."

Rihab ce auta a gidan. 'Yar siririya ce mai tabarau, ba ta da hayaniya, halin ubanta ta ɗauko, mutumin da zai wuni a shago bai furta kalma ashirin ba. Tun tana ƙarama ita ce mai ɗaure wa kyanwoyin layi ƙafa da tsumma. Wanta Tamir yana aiki a Kuwait, shi ya aiko wa uwar da babbar waya, Rihab kuwa da hannunta ta buɗe mata Fesbuk, ta koya mata inda ake dannawa. A cikin abubuwan da ta yi a rayuwarta, babu wanda take nadama kamar wannan.

A shekararta ta uku ta buɗe wani shafi nata, ta sa masa suna Lafiyar Uwa da Jariri. Duk Alhamis takan rubuta abu ɗaya: yadda ake wanke cibiya, watannin rigakafi, dalilin da ya sa ba a ba jariri ruwan sukari. Ba ta ɗora komai sai ta nuna wa Mis Awatif, malamar da ke kula da su a asibitin da suke koyon aiki. Mis Awatif ta haura hamsin, ba ta ɗaga murya, kuma ɗalibai sun fi tsoron shirunta a kan faɗan kowa. Ita ce ta raba musu takarda a farkon shekara, kowa ya sa hannu cewa ba zai fitar da hoton majinyaci ko sunansa ba, ba kuma zai rubuta wa kowa magani ta waya ba. Ta ce musu, "Ku dai kuna da kunya. Wayoyinku ne ba su da ita."

Shafin ya karɓu, har masu bin sa suka kai kusan dubu tara. Matsalar ita ce a cikinsu akwai dangi.

Tant Intisar, ƙanwar uwarta, ita ce kan gaba. Rihab za ta yi rubutu a kan shayarwa, sai ta tarar a ƙasansa Tant Intisar ta liƙa hoton takardar gwajin fitsarin mijinta, da cikakken sunansa da shekarunsa, ta rubuta, "Daktora duba min wannan, Allah ya ba ki miji nagari." Kafin Rihab ta fito daga aji, Umm Tamir ta riga ta amsa: "Daktora ta ce ya sha ruwan sha'ir, ya rage gishiri."

"Mama, yaushe na ce haka?"

"To da an tambaye ki ba haka za ki ce ba?"

"Cewa zan yi ya je asibiti!"

"Ya je asibiti, ga ki a gida? Me mutane za su ce? Mun yi girman kai?"

"Za a iya kora ta a kan wannan, kin sani?"

"A kan ruwan sha'ir? Ki daina tsorata kanki. Zo ki ci abinci, kin rame kamar tsinken tsintsiya."

Haka suka yi ta fama. Rihab ta goge, uwar ta rubuta. Ta zaunar da ita ta karanta mata takardar da ta sa wa hannu, layi bayan layi, uwar tana gyaɗa kai tana tsinke ganyen lalo, da aka gama ta ce, "Kai, wannan Mis Awatif ɗin tana da miji kuwa?"

Duk da haka, kuskuren da ya kusa cin ta, ita ta fara shi da kanta.

Wata Talata da hantsi aka tura ta ɗakin haihuwa, karo na farko da za ta tsaya tun daga farko har ƙarshe. Matar da ke kan gado Nagla ce, daga bayan kasuwar kifi, shekara tara da aure ba ta taɓa ko ɓari ba sai wannan cikin. Ungozoma ce ta karɓi haihuwar. Aikin Rihab bai wuce riƙe hannu da share gumi da cewa "ja numfashi, Madam Nagla, saura kaɗan" ba, amma Nagla ta damƙe ta har sai da yatsunta suka mutu. Da yaron ya yi kukan farko, su biyun suka fashe da kuka tare.

Bayan an gyara su, Nagla ta ce, "Ɗauke shi ki yi hoto da shi. Wallahi sai kin yi. Ke kika riƙe ni."

Rihab ta tuna takardar. Ta kuma ce a ranta, ai uwar ce da bakinta ta nema. Ta miƙa wa wata abokiyar karatunta waya, ta rungume jaririn, aka ɗauka. A hoton ana ganin shuɗin zoben roba a hannunsa mai ɗauke da sunan uwarsa, ana kuma ganin rabin fuskar Nagla a baya. Farin cikin ya yi mata yawa ita kaɗai, sai ta tura wa mahaifiyarta, ta rubuta a ƙasa: "Ke kaɗai. Kar ki nuna wa kowa." Ta mayar da wayar cikin jaka ta koma aiki.

A wajen Umm Tamir, "kowa" yana nufin baƙi. Mutanen Fesbuk ɗinta kuwa ai duk nata ne.

Sai da la'asar, a cikin ƙaramar bas, Rihab ta duba wayar. Ga hoton a shafin uwarta, an kuma rataya sunan shafin Rihab a jiki don masu bin ta su gani. A sama an rubuta: "Daktora Rihab ta karɓi haihuwar namiji santalele da hannunta. Ku taya ni murna." Mutum ɗari huɗu sun riga sun ce masha Allah. Ta sauka tun kafin bas ɗin ta gama tsayawa, ta haura matakala uku-uku, ta fizge wayar daga hannun uwar ta goge. Amma awa biyar hoton ya yi a waje, kuma akwai matan da sana'arsu ke nan, ajiye hoto da turawa gaba.

Ranar Alhamis aka ce Mis Awatif na nemanta. Ta tarar da wata tsohuwa mai jiki cikin baƙar riga a zaune, ta ɗora jaka a cinya ta riƙe da hannu biyu. Hagga Fathiya ce, uwar mijin Nagla.

"Ke ce? Ke ce Daktorar?" Ta kalle ta sama da ƙasa. "Ko gama girma ba ki yi ba. Shekara tara, 'yar nan, shekara tara muna yawo daga likita zuwa likita. Da Allah ya ba mu, na ce wa maƙwabta mace ce. Na sayo kaya ruwan hoda. Na sayo tulun suna irin na 'ya mace, ban sayi buta irin ta ɗa namiji ba, don duk wanda ya gani ya ce mace aka samu. Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya, mace na ce mata, don na san idonta. Jiya na fita sayen burodi, sai ga mai burodi yana min barka da samun namiji! Mai burodi! Yau da safe yaro ya wayi gari rawaya kamar lemon tsami, ga shi can an mayar da shi ƙarƙashin fitila. Ido dubu tara kika tara masa a wuni ɗaya."

"Hagga, shawarar jarirai ce, tana kama yara da yawa a kwana na uku, ba..."

Mis Awatif ta ɗago kai kawai. Rihab ta haɗiye sauran.

Da tsohuwar ta ajiye takardar ƙorafinta ta fita, Rihab ta juya ga malamar.

"Mis, uwar ce ta ce in ɗauka."

"Matar da ta haihu rabin sa'a da ya wuce, ko gidansu kika roƙa za ta ba ki."

"Kuma ba ni na ɗora ba."

"Daga wayar wa ya fita?"

Rihab ta sunkuyar da kai.

"Ni ban yarda hoto na sa shawara ba," in ji Mis Awatif. "Amma iyalin nan suna da abin da suke ɓoyewa, kuma ba aikinki ba ne ki auna ko dalilinsu ya yi miki. Kwamiti zai zauna ranar Talata. Idan ƙorafin nan yana nan, za su iya cire ki daga asibiti sauran shekarar nan. Kin san ma'anar haka."

Ta sani. Maimaita shekara, da tabo a takardunta da zai bi ta duk inda ta nemi aiki.

Da ta koma gida ta tarar da uwarta zaune a ƙasa tana naɗe shinkafa cikin ganyen kabeji, ubanta yana shan shayi a gefe. Ba ta ko cire takalmi ba.

"Na ce ke kaɗai, Mama! Ke kaɗai! Da wane yare zan rubuta?"

"To me na yi? Sata na yi? 'Yata ta yi abin alfahari, in ɓoye kamar abin kunya? Maƙwabciyarmu Umm Hani kullum tana ɗora ɗanta da ke sayar da katin waya, ni da nake da Daktora in yi shiru?"

"Sirrin majinyaci ne! Sau nawa zan faɗa? Za su kore ni!"

"Sirri, sirri. Haihuwa ce, ba laifi matar ta yi ba. Nan da 'yan kwanaki ma za su yi suna, su tara unguwa."

"Sun ce wa unguwa mace ce! Shekara tara suna nema, kakar ta ɓoye, har tulu ta saya. Yanzu yaron na asibiti, ta ce mu muka jawo masa ido."

Ganyen kabejin ya faɗi daga hannun Umm Tamir.

"Namiji? Bayan shekara tara? Suka ce mace?" Ta dafe ƙirji. "Na shiga uku ni Gamalat. Ni na tona shi? Ni da na sa wa Tamir rigar mata har ya shekara biyu? Ni da ko wa uwata ban faɗa ba sai da ya yi arba'in? Har na rubuta santalele! Sabri, kana ji? Santalele na rubuta!"

"Ina ji," in ji Usta Sabri.

"Ke kuma don me ba ki faɗa min haka tun farko ba? Kika tsaya kina ta karanta min takarda!"

Rihab ta tsaya tana kallonta. Wata bakwai tana bayani, da lallami da faɗa da takarda mai hatimi, bai shiga ba. An ambaci ido, ko minti ɗaya ba a yi ba ya shige har ƙashi. Ta rasa ko ta yi dariya ko ta buga kanta da bango, sai ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

An sallami yaron ranar Asabar, launinsa ya dawo. Ranar Litinin, ranar suna, Umm Tamir ta sa baƙar rigarta ta zuwa gaisuwa, ta ɗauki kwalin alewa da ƙullin gishiri, ta tasa Rihab a gaba bayan la'asar. Gidan ya cika da mata da yara riƙe da kyandir. An kwantar da jaririn cikin rariya, wata tsohuwa tana buga turmin tagulla kusa da kansa tana ce masa ya ji maganar uwarsa kar ya ji ta ubansa, ana ta dariya. A kan tebur ga tulun nan an ƙawata shi da furanni, ko da yake babu wanda ya rage a ɗakin da bai san namiji ba ne.

Umm Tamir ta nufi Hagga Fathiya kai tsaye, ta sumbaci kanta. "Ni ce mai laifi, Hagga. Ki ɗauki takalmi ki buge ni. Yarinyar nan ta ce kar in nuna, ni ce jaka."

Hagga ta bar ta ta yi ta yi har ta gaji. Ta sa aka kawo musu mugat, kunun masu jego, ta jira suka kurɓa, sannan ta ce, "Zan janye takardar, da sharaɗi ɗaya. Inda kuka rubuta namiji, ku koma can ku rubuta kun yi kuskure, mace ce. A shafin Daktora, inda dubu taran suke. Ido ya koma inda ya fito."

"Shi ke nan?" Umm Tamir har ta zaro waya. "Yanzu-yanzu. Rihab, ba ni naki."

Rihab ta auna abin a ranta. Layi ɗaya ne. Layi ɗaya, gobe kwamiti ya zauna ba takarda a gabansa. Ta kalli jaririn cikin rariya, ta kalli wayar, sai ta miƙa hannu ta karɓe ta uwar ma, ta sa a aljihu.

"Ki yi haƙuri, Hagga, ba zan rubuta ba."

Uwar ta mintsine ta a cinya. "Kin haukace?"

"Laifina shi ne na fitar da maganar jikanki waje. In na sake rubuta wani abu a kansa, gaskiya ko ƙarya, na sake fitar da ita ke nan, waɗanda suka manta ma su tuna. Kuma matan da ke karanta shafin nan, in na yi musu ƙarya yau, don me za su yarda da ni ranar da na ce su kai yaro rigakafi?"

"Ji min 'yar nan," in ji Hagga, ta juya ga matan da ke kusa. "Ta zo ba da haƙuri, ta ɓuge da yi min lacca. To takarda tana nan inda na ajiye ta. Ku shanye kununku."

Suna fita, Nagla ta yafito Rihab daga bakin ƙofar ɗakinta. Ta rame, amma idonta a buɗe yake.

"Ni na ce ki ɗauka, ban manta ba," ta faɗa ƙasa-ƙasa. "Amma ban ce ki tura ba."

"Haka ne, Madam Nagla."

"Ba zan iya ja da ita a gaban mutane ba. Ba ni lambar malamar taku."

Tun daga bayan kasuwar kifi har gida Umm Tamir ba ta yi shiru ba. "Layi ɗaya! Mutane na yin ƙarya a Fesbuk daga safe har yamma, ke ce waliyyiya? Taurin kan ubanki ne, wallahi, shi ma haka yake, shiru-shiru kamar ba zai yi ba." Rihab ta ci gaba da tafiya. Ita kanta ba ta tabbata ba ko wauta ta tafka.

Ranar Talata ta tsaya gaban mutum uku ta faɗi komai yadda ya faru, har da sharaɗin Hagga da yadda ta ƙi. Ba ta ɗora wa uwarta laifi ba. Mis Awatif ta shaida musu cewa mai jegon ta kira ta da safe, ta ce ita ta nemi a ɗauki hoton kuma ba ta son a kori yarinyar, ko da yake kakar ba ta janye ba. Aka ce Rihab ta jira a waje. Ta zauna a kan benci kusan awa guda tana kallon takalminta.

Ba a kore ta ba. An ba ta gargaɗi a rubuce, aka soke mata watan da ta yi a ɗakin haihuwa, aka ce ta maimaita shi a Agusta lokacin da 'yan ajinsu ke hutu. Shafin kuma ta rufe shi har sai ta kammala karatu. A cikin wayarta akwai rubutun da ta fara a kan shawarar jarirai, wanda ta san mata da yawa na bukata, amma ko da ba a rufe shafin ba, ba za ta iya ɗora shi ba, don duk bayan kasuwar kifi za a san da wa take.

A bakin ƙofa Mis Awatif ta tsayar da ita. "Da kin rubuta layin nan, da ni da kaina zan nemi a cire ki." Ta wuce abinta.

Agustan Zagazig ba ya wasa. Rihab ta yi watan nan a ɗakin da fankarsa ke juya zafi kawai, ta riƙe hannun mata goma sha ɗaya, uku daga cikinsu suka ce sai ta yi hoto da jaririn. Takan ce musu wayarta na cikin jaka, jakar kuma na cikin kabad.

Wata rana ta dawo da yamma, rigarta ta manne mata a baya, ta tarar da uwarta a baranda tana waya da ƙarfi, yadda duk layin zai amfana.

"A'a, Intisar, kar ki turo. Daktora ba ta duba takarda a waya, doka ce. Sirrin majinyaci ne, ke ba ki san komai ba. Ki kai shi asibiti."

Rihab ta tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Har ta fara murmushi.

"Amma ni dai a nawa," uwar ta ci gaba, ta ɗan rage murya, "ba da bakinta ba, ki dafa masa ruwan sha'ir."

Rihab ta rufe ido, ta ja numfashi irin wanda take koya wa masu naƙuda, ta cire ɗaya takalmin.